Tarihin Kejin Shuga-gilaida

Shuga-gilaida ƙaramar dabba ce mai yawon dare, wadda asalinta dazuzzukan Ostareliya ne da tsibirin Niyu Gini, kuma tana cikin jinsin dabbobin da macensu ke renon 'ya'ya a wata jaka ta fata da ke gaban cikinta. Masanin dabbobi George Waterhouse na Ingila ne ya sanya mata sunan kimiyya Petaurus breviceps a 1839, amma kiwonta a gida bai yaɗu ba sai a shekarun 1990, lokacin da fatake suka cika kasuwar Amurka da ita. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa waɗanda ke Amurka daga yankin Sorong na Indonesiya aka ɗebo kakanninsu.

Masu kiwon farko sun yi ta zuba ta a kejin tsuntsaye da na ɓeraye, abin da bai dace ba ko kaɗan da dabbar da ke buɗe fatar da ta haɗa hannunta da ƙafarta ta yi shawagi har kusan mita 50 tsakanin bishiyoyi. Daga baya ne aka koma ga keji mai tsayi maimakon mai faɗi, wanda tazarar wayoyinsa ba ta wuce santimita 1.3 ba domin kada ƙanana su sulale, aka rataya aljihun yadi a madadin kogon bishiya, sannan aka daina amfani da gargaren motsa jiki mai sanda a tsakiya saboda yana kama wutsiya. Jihohin Kalifoniya da Hawaii dai sun haramta kiwonta.