Cin Rani da Haraji a Ƙasar Maradun, Bakura da Mafara

Cin rani, wato barin gida bayan an kammala girbi domin neman kuɗi a wani gari har zuwa faɗuwar ruwan shuka, al'ada ce da ta girmi zuwan Turawa a Dosara da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Tun zamanin Daular Usmaniyya maƙera, masaƙa, wanzamai da almajirai kan fita da sana'arsu domin su rage wa rumbu baki, sai dai mulkin mallaka ne ya mayar da fitar dole ga gidaje da yawa.

Bayan da Ingila ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903, dokar 1906 ta haɗa zakkar hatsi, kuɗin ƙasa da kuɗaɗen sana'o'i ta mayar da su haraji guda, ga kuma jangali a kan shanu, sannan sannu a hankali aka daina karɓar wuri ko dami, sai tsabar kuɗin Bature. Manomin gero da dawa ba shi da inda zai samo sulalla a ƙauyensu, domin sai a 1929 jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda, cinikin auduga da gyaɗa ya kankama. Saboda haka samari suka riƙa bin hanya a ƙafa zuwa gonakin koko na ƙasar Yarbawa da Asante, ko ma'adinan kuza na Jos, ko zangon Kumasi, inda mai masauki kan ba baƙo wurin kwana ya kuma nema masa dako ko ga-ruwa. Waɗanda ba su da jari ko sana'ar hannu, sai ƙarfinsu kaɗai, su ake kira 'yan tuma da gora, guzurinsu bai wuce goran ruwa, tabarma da sanda ba. A ranin 1952 zuwa 1953, masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya ƙirga fiye da mutum 250,000 da suka fita ta mashigan Lardin Sakkwato, har da mutanen Nijar da ke ratsawa.

Abin lura shi ne a wancan zamani haraji yana bin sunan mutum ne a littafin uban ƙasa, ko da a Kumasi ya zubar da guminsa. Akan yanka wa gari jimla, hakimi da masu unguwanni su raba ta gida-gida, wanda ba ya nan kuwa mahaifinsa ko wansa ke biya masa, ko da za a sayar da akuya. Takardar haraji ta zama shaidar matafiyi, har wasu kan naɗe ta cikin fata su rataya kamar laya, domin wanda aka tare a hanya babu ita yana iya kwana a hannun 'yan doka.

Hanyar Gana ta toshe a 1969, lokacin da gwamnatin ƙasar, ƙarƙashin Busiya, ta kori baƙi marasa takardu. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978, an zaci noman ranin da za ta kawo wa yankin zai tsayar da samari a gida, amma ta raba dubban manoma da gonakinsu, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu neman diyya.

A yau akwai wani sabon salo na wannan nema, inda matashi ke yi wa kamfanin waje aiki ta intanet yana karɓar dala, ko yana zaune a Gusau ko a ƙetare. Doka ta ɗora harajinsa a kan mazauni, wato inda yake zaune a shekarar, kuma dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta shafi duk abin da mazaunin Nijeriya ya samu ko daga ina ne, ban da naira 800,000 na farko. Neman harajin bai saɓa wa hankali ba, amma a jihar da waɗannan garuruwa suke, inda aka katse layukan waya gaba ɗaya a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, hukumar da ke neman kasonta tana da bashin tsaro, lantarki da sadarwa a wuyanta, kuma har yanzu ba ta biya ba.