Hasken Rana da Zaɓen Makwancin Jirgi a Gaɓar Sudan ta Bahar Maliya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda matuƙan jiragen ruwa masu filafilai ke zaɓen wurin kwana a gaɓar Sudan ta Bahar Maliya. Ta dogara da bayanan matafiyan dā, da tarihin taswirorin teku, da yanayin iskar yankin. Matsayarta ita ce, a wannan gaɓa hasken rana ya fi ƙarfin anka da tsawon sarƙa tasiri wajen kwana lafiya.

Gabatarwa

Wannan gaɓa ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, domin ta Sawakin alhazan ƙafa da dama suka tsallaka zuwa Jidda cikin jiragen sambuk. Duwatsun murjani sun yi mata shinge, wasu manne da tudu, wasu can cikin teku. Inda kwari ya gangaro daga duwatsu ya faɗa teku, shingen yakan tsage, a samu lungun ruwa da mutanen wurin ke kira marsa, irin su Marsa Fijab da Khor Shinab. A waɗannan lunguna ake kwana.

Shaidar tarihi

A 1183 Ibn Jubair ya tsallaka daga Aizab zuwa Jidda cikin jalba, jirgin da aka ɗinke katakonsa da igiyar ɓawon kwakwa ba tare da ƙusa ba. Ya yaba gwanintar matuƙa wajen ratsa duwatsun nan. Wajen 1490 Ahmad Ibn Majid ya bayyana hanyoyin wannan teku cikin Kitab al-Fawa'id. Daga 1829 Robert Moresby ya shafe shekaru yana auna ta don zana taswira. Taswirorin zamani sun fi nasa daidai, amma murjani abu ne mai rai, yana girma, kuma akwai wuraren da awonsu ya tsufa. Ƙuncin mashigar Sawakin ma na cikin dalilan gina Fot Sudan daga 1905.

Matsalar haske

Matuƙi yana karanta zurfi ne daga launin ruwa. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore yashi ne mara zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa murjani ne dab da sama. Wannan karatu ba ya yiwuwa sai rana ta ɗaga, tana sama ko bayan mai duba. To gaɓar Sudan gabas take fuskanta, don haka duk mai shiga marsa yamma ya dosa. Da hantsi rana na bayansa, kowane dutse ya fito fili. Da la'asar kuwa tana cikin idonsa, ruwan ya zama kamar faranti mai ƙyalli, ba ya nuna komai. Mutumin da aka tsayar a goshin jirgi yana nuni da hannu, hagu ko dama, amfaninsa ya ƙare a wannan lokaci, ko da ya sa tabarau mai kashe ƙyalli.

Iska ma ta goyi bayan sammako. Daga Fot Sudan zuwa arewa, iskar arewa ce ta fi yawa a shekara, tana lafawa da asuba, ta tsananta bayan hantsi. Mai tafiya arewa da ya tashi da asalatu yakan ci zangonsa kafin teku ta harzuƙa, ya isa marsa rana na tsaka. Wanda kwaɗayin ƙarin tafiya ya ja shi ya wuce makwanci da azahar, sau da yawa gara ya kwana yana shawagi a buɗaɗɗiyar teku da ya kutsa mashigar da ba ya gani.

Bayan an shiga

Nan sharuɗɗan da aka sani suke aiki. Laka da yashi suna riƙe anka. Murjani yana sarƙe sarƙa, yana cin igiya, sarƙar kuma tana karya shi. Wannan ɓarna ba ƙarama ba ce a gaɓar da UNESCO ta sa Sanganeb da Dungonab cikin kayan gadon duniya a 2016. Cika da janyewar ruwa kaɗan ne a nan, don haka lissafin sarƙa bai da wuya: a zurfin mita 10, ninki biyar ya ba da mita 50. In aka haɗa da jirgi mai mita 12, filin da zai kewaya idan iska ta juya ya kai kusan mita 120 daga gefe zuwa gefe, kuma ba kowace marsa ke da wannan faɗi ba. Juyin yana faruwa, musamman a watannin zafi da iskar da ke hurowa ta ratar duwatsun Tokar ke zuwa daga tudu ɗauke da ƙura. Ya kamata a ja jirgi baya a gwada riƙon anka, a kuma daidaita alamomi biyu a tudu tun ido na gani.

Shawara

Na'urar GPS tana nuna inda jirgi yake, amma ba ta ganin dutsen da taswira ta tsallake. Saboda haka maƙalar ke kira ga masu tsara tafiya a wannan gaɓa da su auna zangonsu da lokacin isa, su ajiye marsa ta biyu kusa da ta farko, su kuma tabbata anka ta taɓa ƙasa kafin rana ta karkata yamma.