Ranar da Kaboyi Ya Buɗe Baki

Duk wanda ya tashi a ƙasar da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka ratsa, tun daga Goronyo da Giyawa har Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi aka kuma binne shi a 1837, zuwa Rabah mahaifar Sardauna, ba ya bukatar tafinta ya bayyana masa zaman barde a kan sirdi, ko irin husumar da ke tashi idan aka toshe burtali aka kange mashaya. A cikin wannan sani, a ra'ayina, ya kamata a nemi sababin farin jinin da finafinan kaboyi suka yi a ƙasar Hausa, alhali masu kallon, illa ƙalilan, ba su jin Turanci.

Silima dai abin birni ce tun asali. A 1937 aka buɗe Rex a Kano, kuma malamai da dattawa ba su yi na'am da wannan dodon bango ba, balle da gobarar silimar El-Duniya ta 1951 ta halaka mutum fiye da 300. Abin da ƙauye ya sani shi ne majigin gwamnati da ake kafawa a ƙofar gidan hakimi, ana horon jama'a da tsabta da noman zamani. Saboda haka talakan lardin Sakkwato ya fi gamuwa da kaboyi a wurin cin rani, a Kano ko a biranen Gwalkwas.

A can Amurka kuwa, da fim ya fara magana a 1927, masana sana'ar sun yi zaton ajalin fim ɗin dawaki ya zo, domin na'urar ɗaukar murya ta wancan zamani ba ta jure iska, kyamara kuma sai an kulle ta cikin akwati don kada ƙugin ta ya shiga faifai. Aka ƙaryata wannan zato a ƙarshen 1928 da In Old Arizona, wanda aka ɗauki yawancinsa a fili, ana ɓoye na'urar cikin tsirran daji, har 'yan kallo suka riƙa ta'ajibin jin ƙarar kofato da ta ƙwai a kasko. Raoul Walsh ne ya kamata ya fito jarumi, sai zomo ya faso gilashin motarsa ya yi sanadin idonsa guda, rabon Warner Baxter ya rantse, ya karɓi matsayin har ya ci lambar Oscar.

Amma da The Big Trail na 1930 ya yi asara, ga kuma karayar tattalin arziki ta game duniya, sai manyan kamfanoni suka ja baya, suka bar mafi yawan fagen ga matalautan cikinsu irin su Monogram, waɗanda kan gama fim ɗin da bai kai sa'a guda ba cikin mako ɗaya ko ƙasa da haka. Daga wannan talauci aibobin da ake yi wa dariya a yau suka samo asali. Babu kiɗa a bayan wasa, sai shiru mai tsawo da amon sukuwa. 'Yan wasa kan taru su ƙame kusa da kututturen da aka ɓoye na'ura, kowa na furta kalaminsa dalla-dalla. Bindiga mai cin harsashi shida ta yi ta aman wuta ba a sake ɗura ta ba. Dare kuma da rana tsaka ake ɗaukarsa, inuwar mutum na biye da shi. Kamfanin Warner ma, a 1932 da 1933, ya sa John Wayne ya yi shiga irin ta Ken Maynard, aka ba shi kili mai kama da nasa, domin a yanko tsofaffin hotunan sukuwa na zamanin da fim bai magana a liƙa, a huta da kashe kuɗi. A Riders of Destiny na 1933 an mai da Wayne mawaƙi, shi yana motsa leɓe wani yana rerawa.

Mafi ajabi shi ne yadda aka rikita zamani ba tare da neman uzuri ba. A finafinan Gene Autry, wanda tauraronsa ya haska daga 1935, mota da tarho da gidan rediyo suna zaune lafiya da keken doki, kuma ba abin mamaki ba ne ingarma ya kamo mota a guje. A The Phantom Empire har wata daula aka gano a ƙarƙashin ƙasa, ƙarƙashin gonar makiyayi.

To, me ya rage wa mai kallo bayan duk wannan? Labari ne wanda zahirinsa ya wadatar: azzalumi mai dukiya ya ƙwace ruwa ko makiyaya, ya saye mahukunta, sai baƙo ya sauka a garin ya tsaya wa mazlumi. Galibi farar hula ta mutumin kirki ce, baƙa ta mugu, ko da yake Hopalong Cassidy ya saɓa ƙa'ida, ya yi baƙar shiga a kan farin doki. Dokin kansa da sunansa ake saninsa, Tony na Tom Mix, Champion na Autry, Trigger na Roy Rogers, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da ke bambanta kili da akawal da danda. Hawan kuwa na haƙiƙa ne, domin irin su Yakima Canutt gwanayen gasar hawa ne kafin su shigo fim, kuma shi da Wayne suka daidaita dabarar kai naushi ya wuce gefen fuska, kyamara ta nuna kamar ya samu. Da magana ta yi ƙaranci, kuma ba a iya ta ba, sai ido ya ɗauki nauyin kunne, fim ɗin ya ƙetare teku ba tare da fassara ba.

Ba a rasa abin zargi ba. Ana ɗaura wa doki waya a ƙafa a fizge shi yana cikin gudu don ya kifa, har sai da mutuwar wani doki a Jesse James na 1939 ta sa aka fara sa ido. Mutanen asali na Amurka kuma, waɗanda aka raba da ƙasarsu, su aka mayar maharan da ake tafa wa kisansu, kuma masu tafin a nan su ma a lokacin a ƙarƙashin mulkin mallaka suke.

Wanda ya yi wa al'amarin raddi da harshen fim maƙwabci ne. A 1966 Mustafa Alasan na Nijar, wanda daga baya ya zauna a Tawa, arewa da Sakkwato, ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya komo daga Amurka da akwati cike da huluna da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen kaboyi, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa, har fitinar ta koma tsakaninsu.