Tsohuwar Jita Da Masu Gyaranta

Mai karatu, a gidajen 'yan bokon da, irin waɗanda suka yi kwalejin horon malamai ko aikin soja, ba wuya ka tarar da wata tsohuwar jita a saman wadirob ko bayan ƙofa, ƙura ta lulluɓe ta, tsirkiya biyu ce ta rage, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta. Ranar da aka tashi sharar sallah sai a miƙa wa yara su ƙarasa ta, ko kuwa a sa ta a murhu, wai ai ta mutu. Ni kuwa abin da nake so in faɗa shi ne, yawancin irin waɗannan jitoci da sauran ransu, kuma waɗanda suka mutu ɗin, sau da yawa mugun gyara ne ya kashe su. Amma ba za a gane haka ba sai an san waɗanda suka ƙera ta da irin dabarar da suka bari a cikinta.

Mu fara da abin da muka sani a gida. Garaya da gurmi da molo, duk fata ake ja a kan ƙwarya ko icce, a ɗora jaki, a ja tsirkiya ta bi ta kansa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya guda. In fatar ta yage sai a sake wata, shi ke nan. To ita jita maimakon fata, katako ne siriri aka shimfiɗa mata a fuska, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Wannan fuskar ita ce ke rawa in an taɓa tsirkiya, ita ce muryar jita. Bambancin shi ne ba a sake ta kamar fata, domin in ka sake fuska ka sake jitar gaba ɗaya.

Jita mai tsirkiya shida ta bayyana a Turai ne wajen ƙarshen ƙarni na 18, 'yar ƙarama da ita, muryarta ba ta cika ɗaki. Wanda ya ba ta siffar da muka sani a yau wani kafinta ne mutumin Almeriya ta ƙasar Sifaniya, sunansa Antoniyo Tores, an haife shi a 1817 ya rasu a 1892. Shi ne ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin fuskar, sannan ya manna mata wasu siraran itatuwa daga ciki, yawanci guda bakwai, a baje kamar mafici, su tallafe ta ba tare da sun hana ta rawa ba. Su zan riƙa kira haƙarƙari. A 1862 ya ƙera wata jita wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskar kaɗai ce katakon kirki, don ya nuna cewa sauti daga fuska yake. Jitar tana nan a gidan tarihin kayan kiɗa na Basalona. Ka ga ke nan duk mai gyaran da ya ɗauki sanfefa ya hau gurzar fuskar jita don ta yi kyau, muryarta yake gurzawa.

A zamanin Tores tsirkiyar hanjin tumaki ake sawa, ba ta da ja sosai. Ta nailan da ta maye gurbinta sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta fito, lokacin da wani maƙeri mai suna Albat Ogastin ya haɗa kai da shahararren makaɗin nan Segobiya. Ita ma jan ta duka shida bai cika wuce kilo 40 ba.

Ciwon jita na gaske daga Amurka ya samo asali. Wani Bajamushe, C. F. Martin, ya sauka a Niyok a 1833, a 1839 ya koma garin Nazarat a jihar Fensilbeniya, inda gidansa ya ci gaba da sana'ar. Su ne suka yi suna da gicciya haƙarƙari biyu manya a ƙarƙashin fuska. A shekarun 1920 da makaɗa suka matsa suna son ƙara mai yawa, sai aka koma tsirkiyar ƙarfe, wannan gicciyen kuwa ya iya ɗaukarta. To amma fa tsirkiyar ƙarfe shida tana jan abin da ya kai kilo 70, wani lokaci ma ya fi. Ke 'yar uwa ki ƙaddara buhun shinkafa mai kilo 50 da rabin wani, a rataye a jikin katakon da bai fi kwali kauri ba, dare da rana, shekara talatin. Dole wuya ya sunkuyo, ciki ya kumbura a bayan jaki, tsirkiya ta yi nisa da wuya har yatsa ya kasa danne ta. Kamfanin Gibson ya samo maganin wani ɓangare a farkon shekarun 1920, ya sa sandar ƙarfe a cikin wuya wadda ake ɗaurewa ko a sassauta. Martin bai fara sa irin wadda ake juyawa ba sai 1985. Ita ma sandar lanƙwasar wuya kawai take gyarawa, ba ta gyara inda wuya ya haɗu da ciki.

A nan ne hikimar mutanen da ta fito. Sun san abin da suka ƙera zai motsa, don haka suka haɗa shi da gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashin dabbobi. Wannan gam in ya bushe yana da ƙarfi ƙwarai, amma da ya ji zafi da tururi sai ya saki. A jitocin Martin wuyan ma shiga yake cikin wani gurbi mai kama da wutsiyar kurciya. Mai gyara zai cire ƙarfe na 15 daga ƙarafan da ke jere a wuya, ya huda ɗan rami, ya tura tururi, wuya ya zare lafiya lau. Sai ya ɗan fere gindinsa kaɗan, ya mayar, tsirkiya ta dawo kusa kamar ranar da aka saye ta. Wato tun ranar ƙira an bar wa mai gyara ƙofa, ko da kuwa sai bayan shekara hamsin zai zo.

Wannan ƙofar ce masu gyaran gaggawa suke toshewa. Na ga misalinsa a gidan kawuna, tsohon malamin makaranta. Jakin jitarsa ne ya ɗaga, aka kai wa wani kafinta, ya cika ƙarƙashinsa da gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa, ya bi da ƙusa uku, ya kuma shafe fuskar da banish mai kauri irin na kujera. Da na gan ta tana ƙyalli na ce, "Kawu, ai ta koma sabuwa." Ya ce, "Ke dai bari 'yar nan, taɓa ki ji." Na taɓa, wallahi kamar an buga ƙofar kicin. Daga baya da aka samu wanda ya san aikin, ya juya ta ya duba, ya ce wannan gam ba ya jin tururi, in ya ce zai ɓamɓare jakin da naman fuskar zai taho. Haka aka mayar da ita bayan ƙofa. Shekarun da ta yi a ajiye ba su yi mata abin da yini guda ya yi mata ba.

To yaya gyaran ƙwarai yake? Mai haƙuri ne ke yin sa, kuma bi da bi ake yi. Da farko a sassauta tsirkiya a cire, a goge ƙura da ƙyalle mai ɗan danshi. A zura ƙaramin madubi da tocila ta ramin ciki a duba haƙarƙari, a ƙwanƙwasa fuska da yatsa, inda aka ji sauti kamar fasasshiyar tukunya to akwai wanda ya saki. Shi za a fara mannewa, don in aka ja tsirkiya a kan sakakken haƙarƙari fuska ce za ta tafi. In akwai tsaga, ba a cusa mata gam nan take. Sai a ajiye jitar a wuri mai ɗan laima kwana da kwanaki har katakon ya sha, bakin tsagar ya haɗu da kansa, sannan a shafa gam, a liƙa 'yan ƙananan faci na katako daga ciki. Jakin da ya ɗaga kuwa cire shi ake gaba ɗaya da ɗumi da siririyar wuƙa, a kankare tsohon gam har katako ya ga katako, a manna, a matse shi ya kwana. Bayan nan a ɗora doguwar rula a kan wuya, in bakinta ya sauka daidai saman jaki to wuya lafiya, in ya nutse ƙasa sosai sai an zare shi. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, tazarar tsirkiya mai kauri da ƙarfe na 12 kamar milimita 2 da rabi ake so. Ɗan farin abin da tsirkiya ke hawa a kan jaki da wanda ke can saman wuya, in sun cinye, ƙashin saniya ake dafawa a busar a fere, ya fi roba fitar da sauti nesa ba kusa ba. Daga ƙarshe a sa tsirkiya a ja a hankali. Abu guda da ba a yi ko da wasa shi ne sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan. Ba ta da ƙashin bayan ɗaukar wannan kaya, jakin zai tashi ko fuskar ta ɓare.

Mu nan muna da namu ƙarin ciwon, wato yanayi. Masu ƙera jita suna aiki a laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da hunturu a Kano laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, yadda leɓe da diddige ke tsagewa haka fuskar jita ke tsagewa. Damina ta zo katako ya kumbura, gam ya yi laushi. Maganin ba tsada, a ajiye ta cikin jakarta, a sa jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji a gefenta lokacin hunturu, kada a jingine ta a bangon da rana ke duka, kada a bar ta a but ɗin mota. In za ta daɗe ba a kaɗa ba a sassauta tsirkiya. Gaskiya kuma ba kowace jita ce ta cancanci a zare mata wuya ba. Masu araha na filawud, kuɗin aikin sai ya fi kuɗinsu, a gyara jaki a sake tsirkiya ya wadatar. Amma kafin a yanke hukunci a leƙa ciki a karanta takardar da ke manne, don akwai tsofaffin da katakonsu ba ya samuwa yanzu. Itacen roswud na Barazil da aka yi bayan manyan jitoci da shi, tun 1992 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe saboda ya kusa ƙarewa.

Saura tambaya guda, shin gyara yana nufin a mayar da abu sabo? Labarin wata jita a Amurka ya ishe mu amsa. A 1969 mawaƙin nan Wili Nelson ya sayi jitar Martin mai tsirkiyar nailan a kan dala 750, bayan wani mashayi ya taka wadda yake da ita. Ya sa mata suna Tiriga, sunan dokin wani ɗan fim ɗin kaboyi. Da gidansa ya kama da wuta ya kutsa ya fito da ita. A 1990 da hukumar haraji ta kwashe dukiyarsa, ita ya sa aka ɓoye. Fiye da shekara 50 yana kaɗa ta, har gefen ramin sautinta ya cinye ya zama wani ramin na biyu, ga sa hannun abokansa fiye da ɗari a jikinta. Wani mai gyara a birnin Ostin, Mak Alwain, ya shafe shekaru yana duba ta, yana tallafe bakin ramin daga ciki, yana manne abin da ya saki, amma bai toshe ramin ba, bai sake fuskar ba, don mai ita ya ce a bar ta yadda take. Da an sake fuskar da an samu jita mai kyan gani, amma da muryar da mutane suka sani ta tafi.

Ni a ganina ma'aunin ke nan. Mai gyara ya gyara abin da ke hana jita magana, ya ƙyale tabon da shekaru suka bari, kuma duk abin da zai manna ya manna shi yadda na bayansa zai iya buɗewa. Wanda ya gaji jita a gida, in bai samu masanin aikin ba, gara ya sassauta mata tsirkiya ya lulluɓe ta ya ajiye, da ya kai ta inda za a buga mata ƙusa. Katako yana iya jira shekara ashirin bai ce komai ba. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai in ba a zuba mata ruwa ba.