Fijo 504 da Tseren da Ba a Rubuta Ba

Wannan makon gareji za mu leƙa.

Duk wanda ya tashi a Unguwar Mu'azu ya san ƙarar Fijo 504 tun kafin ya san sunanta. A Kakuri aka riƙa haɗa ta, a kamfanin PAN, wanda ya fara fitar da motoci a 1975. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a wannan shekarar ce 504 ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta kuma lashe na Maroko a hannun Hannu Mikkola. Wato motar da ke jigilar fasinja daga tashar Kawo zuwa Kano 'yar gida ɗaya ce da gwanayen tseren Afirka.

Me ya sa muka tono wannan? Domin tseren motoci mafi farin jini a Amurka daga irin wannan motar ta kowa-da-kowa ya fito, kuma daga hannun 'yan fasa-ƙwauri. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a ƙasar, bayan an ɗage haramcin kuma masu dafa ta a ɓoye suka ci gaba don gudun haraji. Direbobinsu sukan ɗauki mota wadda ba ta jan ido, su ƙara wa inji ƙarfi, su ƙarfafa ƙafar baya don kada nauyin kaya ya tona asiri. Ranar hutu sai a taru a fili a gwada wa ya fi wani.

A watan Disamba 1947 wani bakanike mai suna Bill France ya tara direbobi da masu motoci a wani otal a Daytona Beach, aka rubuta dokoki, a Fabrairun 1948 ƙungiyar NASCAR ta tabbata. Ga wurin da ya fi ba mu dariya. A tseren farko na motocin kasuwa zalla, ranar 19 ga Yuni 1949 a Charlotte, Glenn Dunaway ne ya riga kowa isowa. Da aka leƙa ƙarƙashin motarsa sai aka tarar an taɓa sifirin ɗin baya, gyaran 'yan safarar giya. Aka ƙwace nasarar aka bai wa Jim Roper. Shi kuwa Junior Johnson sai da ya yi zaman kurkuku kan giyar, ya fito ya lashe Daytona 500 a 1960.

To mu dawo gida. Wanne ne babu a nan? Motar akwai. Kanikawa akwai, waɗanda ke gane ciwon inji da kunne. 'Yan fasa-ƙwauri ma akwai, musamman bayan gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a 1984, lokacin da mai da kaya suka koma bin hanyoyin daji tsakanin Jibiya da Maraɗi. Son tsere kuwa ba baƙo ba ne: Dandalin Murtala da muke zuwa kallon hawa filin sukuwar dawaki ne tun zamanin Turawa, bikin kamun kifi na Argungu ma ya sha haɗawa da tseren motoci.

A ganinmu abin da ya ɓace fili ne da doka. Sai gwanintar ta gangaro titi, ta zama wasan mota da samari ke yi ranar ɗaurin aure, a juya mota tana hayaƙi a tsakiyar jama'a, babu shinge, yara na tsaye a bakin kwalta. Biki nawa ya koma zaman makoki ta haka? 'Yan sanda su hana, a yi shiru, wata uku a dawo.

Mu ma da laifinmu. Mun cika littattafanmu da motocin alfarma da ke tsayawa a ƙofar gidan budurwa, amma ba mu sa direba a gaba ba. Tsofaffin direbobin 504 suna nan a bencin tasha, wasu ido ya fara yin rauni, kuma da Hausa suke riƙe da sunan kowace kwana da kowane rami tsakanin Kaduna da Jibiya. An daina haɗa motar a Kakuri kusan shekara ashirin ke nan.