Tsohuwar motar tsere daga waje: abin da ya kamata ka sani kan shigowa, rajista da inshora

Tambayar da matasanmu na Agege, Idi-Araba da Sabon Ibadan ke yawan turo mini ita ce: yaya mutum zai shigo da tsohuwar mota mai gudu irin su Nissan Skyline GT-R, BMW M3 ko Marsandi 500E? Na tattara amsar a nan, domin kuɗin da ake zubawa a wannan harka ba kaɗan ba ne, kuma kuskure ɗaya ya isa mota ta ƙare a harabar Kwastam.

Shekarun mota

Yawancin bidiyon da kuke gani a YouTube daga Amurka suke. A can, mota in ta cika shekara 25 ana sassauta mata ƙa'idojin shigowa, shi ya sa Skyline R32 da aka fara ƙerawa a 1989 ta samu shiga a 2014. To, dokarmu ta nan ta juya baya ne: tsufan mota shi ke hana ta shiga. A da iyakar shekara 15 ce daga shekarar ƙira, a 2022 aka mayar da ita 12. Ka ga ke nan motar 1990 tana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su. Duk ejan ɗin da ya ce maka zai gyara shekarar a takarda, ka sani wuta yake haƙa maka, domin tun 2022 Kwastam ke tantance mota da lambar jikinta ta VIN mai harufa da lambobi 17, kuma lambar tana nuna ainihin motar.

Gefen sitiyari

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Dokokin hanya na 2012 sun hana yi wa mai sitiyari a dama rajista. Skyline GT-R kuwa, daga R32 har R34, da sitiyari a dama Japan ta ƙera su. Akwai masu juya sitiyari, amma aikin yana taɓa birki, wayoyi da dashbod, kuma yana zubar da darajar motar a idon masu tara irinta. Marsandi 500E, wadda ke da jikin da muke kira Bi-but, da sitiyari a hagu ta fito, ita matsalarta shekaru ce kawai.

Hanyar shigowa

Tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Hanyar da doka ta sani ita ce tashar ruwa, irin su Tin Can da PTML a Legas. Motar da aka tsallako da ita daga Kwatano ta daji fasa-ƙwauri ce, ko da an maƙala mata lamba, kuma jami'an sintiri na iya kama ta bayan shekaru.

Shawarata: nemi wadda ta riga ta shigo ƙasar tun lokacin da shekarunta ba su wuce ƙa'ida ba. Kafin ka ba da ko sisi, kai takardar biyan duti ofishin Kwastam a tabbatar maka, ka kuma duba lambar shasi da ta inji da idonka ko sun dace da takarda.

Rajista

A Legas hukumar MVAA ce ke ba da lamba da lasisin mota. Ka tanadi takardun Kwastam, rasit ɗin saye, yarjejeniyar sauya mai mota, katin shaidarka da inshora. Sai gwajin lafiyar mota a cibiyar kwamfuta, inda ake duba birki, fitilu da hayaƙi. Tsofaffin motoci a nan suke yawan faɗuwa, don haka ka fara kai ta wurin bakanike. Kada ka bar takardu da sunan tsohon mai ita. Ranar da rigima ta tashi, shi doka za ta sani.

Inshora

Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta ƙara kuɗin ƙaramar inshora, wato wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya kuma ta kai naira miliyan 3. Wannan ita ce ta dole, amma ba ta biyan ko madubin motarka. Cikakkiyar inshora ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara.

Ga inda ake yawan cutuwa: kamfani zai iya kallon motarka a matsayin tsohuwar akwala, alhali kai ka san abin da ka kashe. Ka sa a ƙiyasta ta, a rubuta darajar da kuka amince a cikin yarjejeniya, da hotuna. Ka faɗi duk canjin da aka yi wa inji, ka kuma tambaya ko inshorar ta haɗa da ambaliya, ganin yadda daminar Legas take. Gasar tsere galibi ba ta ciki. Wanda ke gudun inshorar gargajiya saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi. Bayan ka biya, duba lambar motarka a rumbun NIID, don takardun bogi sun yi yawa a bakin ofisoshin lasisi.

Allah Ya sa mu saya a sa'a, Ya kiyaye hanya.