Gilashin da Aka Yar a 1987

Darasinmu na wannan mako tarihin gilashin kyamara ne, wanda masu hoto ke kira lens. Duk mai shirin komawa kyamara marar madubi sai ya tsaya gaban jakarsa ya tambayi kansa: wanne zan riƙe, wanne zan sayar? Amsar tana cikin abin da ya faru shekaru da dama da suka wuce.

A 1971 kamfanin Canon na Japan ya fito da bakin ɗaura gilashi mai suna FD. Shekara goma sha shida masu hoto suna tara gilasai a kansa. Kwatsam a 1987 kamfanin ya fito da EOS 650 mai sabon baki, EF, wanda ke magana da kyamara ta lantarki zalla, injin saita gani kuma yana cikin gilashin kansa. Tsofaffin FD ba sa shiga. Wanda ya kashe dukiyarsa a kansu ya wayi gari da kayan da kamfanin ya juya wa baya.

Matsalar ta awo ce. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga fim. Ta FD milimita 42 ce, ta EF kuwa 44. Idan gilashi ya yi nisa da fim fiye da yadda aka tsara masa, ba zai iya fito da abin da ke nesa tar ba. Milimita biyu kacal suka karya darajar FD, aka riƙa sayar da su a wulaƙance.

Nikon ya bi wata hanya. Bakinsa na F, wanda ya fito a 1959, bai canza shi ba. A tsarin saita gani ta atomatik da ya fito da shi a 1986, sai ya sa injin a jikin kyamara, wani ɗan sandan ƙarfe na juya gilashin. Masu Nikon suka ji daɗi, tsoffin kayansu na aiki. A lokacin kowa ya ce su suka yi dace.

Sai madubi ya fita daga kyamara. Panasonic ya fara da G1 a 2008, Sony ya kawo a7 mai cikakken faɗin fim a 2013, Nikon Z da Canon RF suka biyo baya a 2018. Da aka cire madubin, tazarar ta ragu sosai: Sony 18, Canon 20, Nikon 16. Yanzu zoben ƙarfe mai arha, wato adafta, ya isa ya cike gurbin. FD da aka yar ya dawo da rai, har masu shirya fim suka shiga farautarsa, farashin wasu ya tashi. Haka Helios-44, gilashin Tarayyar Sobiyet da aka kwaikwaya daga Biotar na Zeiss, ya samu sabbin masoya saboda yadda yake murɗa bayan hoto.

Kuma reshe ya juye da mujiya. Gilasan EF suna aiki lafiya lau a kan RF ta adafta, domin tun 1987 lantarki ne harshensu. Su kuwa gilasan Nikon na AF da AF-D, adaftar FTZ ba ta da injin juya su, dole a saita su da hannu. AF-S da AF-P ne ke ci gaba da saita kansu. Shawarar da ta fusata mutane jiya ita ta cece su yau, wadda ta faranta musu kuma ta zo da kuɗin biya.

To, me za a riƙe? Na farko, gilashi mai tsayayyen awo da faɗin buɗewa, irin 50 ko 85, musamman idan yana ba da kamannin da sabo ba ya bayarwa. Na biyu, mai injinsa a ciki, wanda adafta za ta iya tuƙawa. Na uku, wanda kuɗin sayar da shi ba zai sayi rabin madadinsa ba.

Me za a saki? Ƙaramin zum ɗin da ya zo tare da kyamara, domin sabon ya fi shi sauƙin nauyi. Sai gilashin EF-S ko DX idan za a koma cikakken faɗi, tunda kyamara za ta yanke gefen hoton. Sai duk wanda hunhuna ta ci: a haska shi da tocila, in an ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo a ciki, a raba shi da sauran.

Kafin ku sayar da komai, ku duba hotunanku na shekara guda, ku ga wane gilashi ne ya ɗauki mafi yawansu. Sannan ku tuna da waɗanda suka zubar da FD ɗinsu da araha. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.